Daga Kaduna Zuwa San Faransisko: Fim Ɗin Da Ya Ɓata Wa Masoya Doctor Who Rai

Ƙalilan ne daga cikin dubban mutanen da ke kai da komo kullum tsakanin Kawo da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suka san cewa garin nan namu na Kaduna yana da suna a cikin tarihin wani wasan kwaikwayon talabijin na Turawan Ingila da ake kira Doctor Who. A shekarar 1965, tun wasan bai cika shekara biyu da farawa a Landan ba, gidan talabijin na Jihar Arewa, wato RKTV, wanda gwamnatin marigayi Sardauna ta buɗe a 1962 da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI, ya sayo shi daga BBC ya shiga nuna wa jama'a. A wancan zamani akwatin talabijin sai gidan wane da wane, hoton ma baƙi da fari ne, yara kuwa sai dai su yi cincirindo a tagar maƙwabci, wanda ya samu gindin taga ya riƙa ba na bayansa labari.

Abin da ya sa na tono wannan zance shi ne wata muhawara da ta kaure a majalisarmu a Unguwar Sarki, kan dalilin da ya sa kashi na biyu na fim, ko ci gaban wani shiri da aka saba da shi, ya fi yawan zuwa da takaici. Matasan majalisar na cewa laifin masu shiryawa ne, su kuwa dattawan na cewa 'yan kallo ne ba a iya musu, wai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni dai na ga babu misalin da ya fi dacewa a auna wannan saɓani da shi kamar abin da ya faru da Doctor Who a 1996, domin a can an ga laifin masu shiryawa ƙarara, an kuma ga na 'yan kallo.

Ga mai karatun da bai san wasan ba, ƙagaggen labarin kimiyya ne, irin wanda ake gina shi kan tafiya sararin samaniya da na'urorin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, tunda a 1969 Umaru Dembo ya fitar da littafin Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro aka zagaya da shi sararin samaniya. Gogan wasan, wanda aka fi sani da suna Dakta, ba ɗan Adam ba ne, daga wata duniya ya fito mai suna Gallifrey, zuciya biyu gare shi a ƙirji, kuma yana yawo cikin zamani, yau yana fadar wani sarki na dauri, gobe yana shekara dubu masu zuwa. Abin hawansa, TARDIS, daga waje wani shuɗin akwati ne na wayar 'yan sandan Ingila, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. An fara nuna wasan ranar 23 ga Nuwamban 1963, washegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Da jarumin farko, William Hartnell, ya kasa saboda rashin lafiya a 1966, sai masu wasan suka ƙago wata dabara: idan ajali ya tunkaro Dakta, sai ya rikiɗe ya koma wani mutum daban mai sabuwar fuska da sabon hali. Da wannan dabara aka yi ta sauya jarumi har aka kai na bakwai, Sylvester McCoy, wasan ya yi shekara 26 ana yi, kafin BBC ta dakatar da shi a Disambar 1989 bayan 'yan kallo sun ja baya.

Masoya wasan ba su ɗauki dangana ba. Mujallarsu ta ci gaba da fitowa, ƙungiyarsu da aka kafa tun 1976 ta ci gaba da taruka, daga 1991 kuma kamfanin ɗab'i na Virgin ya shiga buga sababbin littattafai masu ci gaba da labarin daga inda talabijin ta tsaya. Sama da shekara shida suna jira. Saboda haka mai karatu na iya ƙiyasta irin murnar da aka yi da labari ya tabbata cewa za a yi fim, da kuɗin Amurka, da sabon Dakta, kuma idan fim ɗin ya karɓu za a dawo da wasan mako-mako. Wanda ya yi tsayin daka kan aikin, Philip Segal, haifaffen Ingila ne mazaunin Amurka, kuma shi kansa tun yarinta masoyin wasan ne. Ya haɗa BBC da kamfanin Universal da tashar Fox, aka kashe abin da ya kai dala miliyan 5, kuɗin da tsohon wasan bai taɓa mafarkin gani ba, aka ɗauki fim ɗin a birnin Vancouver na Kanada. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Sai dai kash! Da Fox ta nuna fim ɗin a Amurka ranar 14 ga Mayun 1996, mutum miliyan 5.6 ne suka kalla, adadin da bai taka kara ya karya ba a ƙasa mai faɗin Amurka. A Ingila, inda aka nuna shi ranar 27 ga watan, sama da mutum miliyan 9 suka zauna gaban akwatinsu, wanda babbar nasara ce, to amma ba Ingila ce mai yanke hukunci ba. Fox ta ce ba ta yi, maganar dawo da wasan ta bi ruwa. Masoya kuma, maimakon su haɗu su yi juyayi, sai suka dare gida biyu suka shiga yi wa juna da fim ɗin ruwan kalamai a shafukan wasiƙu da wuraren taro da intanet, wadda a lokacin take tatata.

Me ya fusata su? Labarin fim ɗin ya faru ne a San Faransisko a jajibirin shekarar 2000. Tsohon Dakta, McCoy, yana ɗauke da gawar babban abokin gabarsa, Master, sai akwatinsa ya sauka a wani lungu, yana fitowa 'yan daba suka buɗe masa wuta. Aka kai shi asibiti, wata ƙwararriyar likitar zuciya mai suna Grace ta ruɗe da ganin zuciya biyu, ya mutu a hannunta, ya rikiɗe a ɗakin ajiyar gawa ya tashi a matsayin Paul McGann. Har zuwa nan masoya na iya haɗiyewa, ko da yake da yawa sun ji zafin a ce gwarzon da ya gagari rundunonin sararin samaniya harsashin ɗan daba ne ya kayar da shi. Abubuwa biyu ne suka tsaya musu a maƙoshi. Na farko, sabon Dakta ya furta da bakinsa cewa rabinsa ɗan Adam ne ta wajen uwa, maganar da ba a taɓa ji ba cikin shekara 26. Na biyu, ya sumbaci Grace. A tsohon wasan akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta, cewa babu soyayya tsakanin Dakta da abokan tafiyarsa. Shi kamar kawu yake ko malami. Bayan waɗannan akwai ƙorafe-ƙorafe barkatai: tseren babur da motar asibiti irin na finafinan Amurka, da yadda Eric Roberts ya mayar da Master wani ɗan ƙwalisa mai baƙin tabarau, da muryar Dalek, dodannin da suka fi kowa suna a wasan, wadda aka mayar da ita siririya kamar ta ɓera, su kansu ma ba a nuna su ba.

A nan ne nake ganin matasan majalisarmu suna da gaskiya. Babban kuskuren fim ɗin ba sumba ba ce, ba kuma babur ba ne. Kuskuren shi ne an so a gamsar da mutum biyu da ba su haɗa komai ba. Don a faranta wa tsohon masoyi rai, aka buɗe fim da jawabi mai cike da sunayen duniyoyi da dodanni da dokokin rikiɗa, aka dawo da McCoy don a nuna miƙa ragama, har aka ci kusan minti 20 kafin jarumin fim ya bayyana. Ba'amurken da bai taɓa jin sunan wasan ba yana zaune yana kallon wani dattijo na shan shayi cikin wani ƙaton zaure, ba a ma nuna masa tukuna cewa zauren nan cikin ɗan ƙaramin akwati yake ba, wanda shi ne abin mamakin da ya kamata a fara kama shi da shi. Ya latsa ya koma wata tasha. Don kuma a jawo wannan Ba'amurke, aka cusa soyayya da tsere da jinin ɗan Adam, waɗanda suka kori tsohon masoyi. An yi ba tsuntsu ba tarko. Duk wanda ya taɓa sayen kashi na biyu na wani fim ɗin Hausa a zamanin kaset, ya tarar an cinye rabinsa wajen maimaita na ɗaya, sauran rabin kuma an ƙaro waƙoƙi da wata sabuwar jaruma da ba ta da gurbi a labarin, ya san wannan ciwo.

Amma fa dattawan ma ba su faɗi ƙasa ba. Shekara tara bayan fim ɗin, ranar 26 ga Maris na 2005, BBC ta dawo da wasan a ƙarƙashin marubuci Russell T Davies, da Christopher Eccleston a matsayin Dakta, mutum sama da miliyan 10 suka kalli shirin farko. A wannan sabon zubi Dakta ya sumbaci abokiyar tafiyarsa tun a ƙarshen zangon farko, akwai gudu da fashe-fashe da kiɗa mai tashi, wato kusan duk abin da aka zagi fim ɗin 1996 a kansa, kuma jama'a suka karɓa hannu bibbiyu. Ashe ba kayan haɗin ne matsala ba, hannun mai girki ne. Davies bai buɗe da rikiɗa ko tarihin Gallifrey ba. Ya fara ne da wata yarinya mai aikin kanti a Landan, ɗan kallo ya bi ta a baya yana gano abubuwa tare da ita, har ta leƙa cikin akwatin ta fito a firgice. Maganar rabin ɗan Adam kuwa sai aka kau da kai daga gare ta kamar ba a taɓa yi ba, wanda ke nuna cewa a wannan gaɓa ɗaya masu ƙorafin ne suka yi nasara.

Wani abin lura shi ne, duk zafin rigimar, da wuya a samu wanda ya kushe Paul McGann shi kansa. Masu zagin fim ɗin ma sukan ware shi su ce an samu Dakta na ƙwarai a cikin labari marar kyau. Ba su kuma tsaya a baki ba. Wasu daga cikin masoyan suka nemi izinin BBC, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna Big Finish, suka fara shirya wasannin murya zalla daga 1999, irin wasan kwaikwayon rediyo da muka saba ji, a 2001 suka jawo McGann ya ci gaba da zama Dakta a faifai. Mutumin da aka ba dare ɗaya a talabijin ya shafe sama da shekara ashirin yana wannan rawa, har BBC ta sake kiransa gaban kyamara a 2013. Shi Davies ɗin ma, da Mark Gatiss da Paul Cornell da suka rubuta wasu sassan sabon zubin, duk sun fito ne daga cikin marubutan littattafan nan na lokacin jira. Wato waɗanda aka yi wa kallon masu surutu da ƙorafi, daga cikinsu aka samu magada.

Ni a ganina fushin irin waɗannan mutane alama ce ta mallaka. Mutum ba ya tada jijiyar wuya kan abin da bai ɗauka nasa ba. Mun ga irin haka a gida a 2022, lokacin da Nafisa Abdullahi ta fita daga shirin Labarina na Aminu Saira aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. Makonni aka yi ana cacar baki a Facebook da teburan mai shayi, wasu na rantsuwa sun daina kallo, alhali suna nan gaban waya ranar da sabon kashi zai fito. Masu shirya fim kan ji haushin wannan, suna cewa labarinsu ne, su suka zuba kuɗinsu. Haka ne. To amma wanda ya ba ka sa'a guda ta rayuwarsa kowane mako har shekaru, shi ma ya zuba jari, kuma ya fi ka riƙe abin da jaruminka ya faɗa a kashi na uku.

Sai dai akwai bambanci tsakaninmu da masoya Doctor Who, kuma nan ne zancen ya dawo gida Nijeriya. Su da suka ce fim ɗin ya saɓa wa asali, suna da asalin a hannu, kuma da guminsu suka same shi. BBC da kanta, tsakanin 1967 da 1978, ta goge faya-fayan tsofaffin shirye-shiryenta don ta sake naɗar wasu a kai, ta kuma lalata kwafin fim masu yawa don rashin wurin ajiya, a tunaninta babu mai sake neman wasan yara baƙi da fari. Ɗimbin sassan Doctor Who na shekarun 1960 suka salwanta ta haka. Abin da ya tsira gaba ɗaya shi ne sauti, domin wasu yara masoya sun riƙa kafa rikoda a gaban talabijin suna naɗar murya kowane mako, suka adana har girmansu. Hoton kuwa sai aka bazama nemansa a ƙasashen da aka sayar wa wasan, domin a wancan lokaci BBC kan aiko da gwangwanayen fim, tasha ta nuna, ta tura wa ta gaba, daga wannan ƙasa zuwa waccan, ta ƙarshe kuma ta mayar ko ta ƙona. Ba kowace ce ta bi umarnin ba, kuma Allah ya sa haka ta zama alheri.

A 1984 aka gano wasu sassa na zamanin Hartnell a Nijeriya, a daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasashen biyu kan yunƙurin sato Alhaji Umaru Dikko daga Landan cikin akwati. Sai a 1985 gwangwanayen suka isa Ingila. Babban kamun kuwa shi ne na 2013, lokacin da wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya shiga wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos ya tarar da gwangwanaye a kan kanta, an manna musu takarda da sunan wasan. Sassa tara ne da duniya ta fid da rai da su, na labarai biyu na zamanin Dakta na biyu, Patrick Troughton, wato The Enemy of the World da The Web of Fear. Adadin sassan da suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97 a wannan shekara. Jaridun Ingila suka yi ta yayatawa, mutane suka yi rububin saye ta intanet cikin dare. Idan aka haɗa da na 1985, sassa 15 ke nan Nijeriya ta mayar wa Ingila daga cikin abin da Ingila ta zubar da hannunta.

To mu fa? Garin da ya nuna Doctor Who a 1965 shi ne garin Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, shi ne garin Karambana da marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, a nan kuma aka mayar da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam wasan talabijin a shekarun 1980. Allah ya jiƙansu da rahama. Yaron da ya ji mahaifinsa na ba da labarin Samanja ya ce bari ya gani da idonsa, abin da zai tarar a YouTube guntaye ne, wasu hoton ya dushe, wasu babu farko babu ƙarshe. Idan gobe wani mai kuɗi ya tashi ya ce zai yi fim ɗin Samanja da sabon jarumi, ya sa shi yana tseren babur a kan titin Ahmadu Bello yana rera waƙar soyayya, za mu yi ihu, babu shakka. Amma da me za mu kafa hujja? Kowa zai kawo abin da ya tuna, ƙwaƙwalwar ɗan shekara sittin kuma ba ta zama shaida a gaban ɗan shekara ashirin. A Kaduna ta Arewa muna da Gidan Arewa a titin Rabah, muna da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a titin Yakubu Gowon, inda ake adana takardun Turawan mulki har da na haraji. Ban ga abin da zai hana a ware ɗaki guda a ɗayansu ba, a yi shela ga duk wanda ke da tsohon kaset na bidiyo da ya naɗa daga talabijin a gidansa ya kawo a juya shi cikin kwamfuta a mayar masa da abinsa. Na tabbata a cikin akwatunan ƙarfe na gidajen Malali da Unguwar Rimi da Badarawa akwai abin da gidajen talabijin ɗin kansu za su yi mamakin gani, idan zafi da ƙura ba su riga mu ba.

Ko a ganon Jos ɗin ma ba a tsira duka ba. The Web of Fear sassa shida ne. BBC na da na ɗaya tun da can, aka samo na biyu da na huɗu da na biyar da na shida. Na ukun, wanda a cikinsa ne aka fara ganin wani hafsan soja da ya zama abokin Dakta na shekaru masu yawa, Morris ya ce ya gan shi a kan kantar tare da sauran, amma kafin a kammala shirin ɗauko su ya yi ɓatan dabo. A 2021 sai da BBC ta sa aka zana wannan kashi da katun, aka ɗora shi a kan muryar da aka naɗa da rikoda daga talabijin a wani gida a Ingila a 1968.